Saƙon Rabah da Ya Bi ta Dakar

Jelani Mode taubashina ne, uwarsa ƙanwar ubana, saboda haka duk abin da na faɗa a kansa ba mai kai ni ƙara. A Lahodu aka haife mu, damina ɗaya, kuma gonakin iyayenmu suna haɗe da juna. Ni Siddiƙu na tsaya na gaji gona. Shi kuwa tun muna samari an san ba zai tsaya ba. Ba rago ba ne. Yakan kama kunya ya yi ta noma har ya ƙetare iyaka ya shiga geron maƙwabci bai sani ba, don idonsa na kan hanya, yana duban wa ya wuce, ina kuma ya nufa.

Da aka fara aikin madatsar ruwa a Goronyo, samarinmu da yawa suka tafi leburanci. Jelani ya bi su, ya ɗauki kwanon kankare na ɗan lokaci, sannan aka gan shi ya koma teburin mai shayi yana wanke kofuna. A nan direbobin manyan motoci suke zama, waɗanda suka san garuruwan da ko sunansu ba mu taɓa ji ba. Wani cikinsu ya ce masa akwai ruwan da ba shi da ƙetare, ko ka hau itace ba za ka hango ɗaya gaɓar ba. Jelani, wanda ya saba da gulbin Rima da ake kiran mutum daga wancan gefe da rani ya amsa, ya ce wannan zancen direbobi ne. Amma bai daina tunaninsa ba.

Bayan an gama aikin, noman rani ya kankama, manyan motoci suka fara lodin albasa a kasuwar Goronyo suna fita da ita ƙasashen waje. Jelani ya samu wani direba da ke neman wanda zai zauna bisa buhuna ya yi gadi. Ya zo gida ya samu yayarsa Uwaliya, wadda ita ta riƙe shi tun rasuwar uwarsu, tana tankaɗe.

Ya ce, “Yaya, zan raka albasa in dawo.”

Ta ce, “Mi za ka raka ta yi? Ba ta san hanya ba?”

Ya ce ai ba daɗewa zai yi ba, kafin shuka ya dawo. Ta ƙulla masa ƙuli-ƙuli da garin gero. Ya ɗauki buta, da tabarma, da riguna biyu, da askar da ya gada wurin ubansa, ya tafi. An yi shuka da yawa bayan wannan.

A Lome ya fara ganin teku. Ya ce ya daɗe tsaye yana neman ƙetaren bai gani ba, sai ya duƙa ya kamfaci ruwan ya kai baki, ya tofar. Abin da ya fara faɗa, da bakinsa ya gaya mini, shi ne, ruwa mai yawa haka amma ko fangalin albasa ɗaya ba zai shayar ba. Direba ya sauke kaya ya juya gida, ya neme shi a tasha, Jelani ya ce ya yi gaba, shi zai biyo mota ta gaba. Motar da ya hau ta gaba Ankara ta Gana ta nufa.

Mutane sukan ɗauka wanda ya yi yawon duniya kullum cikin ganin abin mamaki yake. Na sha tambayarsa, kuma yawancin abin da yake ba ni labari wanki ne da wurin kwana. Riga ɗaya a jiki, ɗaya a kan igiya, haka ya yi shekaru. A garuruwan bakin teku iska ba ta busar da komai, sai ya sa rigar da danshinta ta bushe a jikinsa, yana tafe yana tiriri kamar tuwo. Wurin kwana kuwa barandar masallaci ce in ladan mai kirki ne, in ba haka ba tasha, ko ƙarƙashin motar da ya tabbatar ba za ta tashi da asuba ba. Takalmi shi ne matashin kai, igiyar jaka a ɗaure a ƙafa. Ya ce ba a taɓa yi masa sata ba, na ce ai ɓarayin can ma suna da ido.

Abinci sai kasuwa ta kusa tashi yake saye, lokacin da masu tuwo suke son su kankare tukunya su tafi gida. Ya ci dokunu a Kumasi har ya saba da tsaminsa, ya ci acheke a Abijan yana cewa garin rogo ne ya je makaranta. Duk ƙasar da ya shiga, kalmar da yake fara koya ita ce “ya yi tsada”, gaisuwa sai daga baya. Har yau yana iya faɗinta da harsuna da yawa, amma in ka ce ya tambayi lafiyar iyali da ɗaya daga cikinsu sai ya kama tari.

Da aska yake ci. Yakan nemi inuwa kusa da tasha ya shimfiɗa tabarma, ya yi aski, ya yanke farce, ya gyara gemu. In ya zo kan iyaka ba shi da gaggawa. Sai ya zauna gefe ya yi ta kallo, har mai tsaron ƙofa ya gaji da ganinsa ko ya tuna gemunsa na son gyara. Yakan zauna gari wata da watanni. Amma da an fara kiransa da suna, an fara gayyatarsa askin jariri, sai ya naɗe tabarma. Na ce masa mutane nema suke a san su, kai kana gudu. Ya ce in an san ka, gobe ma abin da ka gani jiya za ka gani.

Akwai abin da ba ya son faɗa sai an matsa. Ranar Salla ita ta fi masa wuya, in an sauko idi kowa ya nufi gida shi kuma ya nufi tasha. A Abijan ya yi watanni bai ji kukan jaki ba. Ranar da ya hau arewa ya ga wani a bakin hanya ɗauke da itace, ya ce sai da ya tsaya ya gaishe shi da Hausa, ya tambaye shi gajiya.

Mu a gida labarinsa wurin direbobin albasa muke ji. Wani ya ce ya gan shi a Kumasi, wani ya ce a Wagadugu, kowa kuma sai ya ƙara da cewa yana nan da rigarsa. Uwaliya takan aika a ce masa ya dawo, saƙon ya isa ya tarar ya tashi.

A Bobo, cikin ƙasar Burkina, zazzaɓi ya kama shi. Ya daure har ya kai wata rumfar mai koko a unguwar Hausawa, ƙafa ta ƙi, ya zauna a ƙasa. Mai kokon, wata dattijuwa, ta miƙa masa ƙoƙo da wani jiƙo a ciki. Ya leƙa ya ce, “Mi an nan?”

Ta ajiye ludayi ta dube shi. Hausawan unguwar yawancinsu can aka haife su, ba mai cewa “mi” haka.

Ta ce, “Kai ɗan ina na?”

Ya ce, “Lahodu.”

“Lahodu ta Wurno?”

Ya ɗaga kai. Ta kira ’ya’yanta da wani harshe, suka ɗauke shi suka kai zauren gidanta.

Sunanta Tani, mutuniyar Rabah. Tana amarya ta biyo mijinta mai fataucin goro, ya rasu a Bobo ya bar ta da yara, ba ta sake ganin gida ba. Ta yi jinyar Jelani da kunu da jiƙo da faɗa. Da ya fara samun ƙarfi sai ta riƙa jawo kujera bakin zaure da la’asar tana tambayarsa labarin gida. Ya ba ta labarin madatsa, ta ce ba ta yarda akwai mai iya rufe Rima ba, sai dai in Rimar ce ta ga dama. Ta tambaye shi Rabah, ya ce Rabah na nan lafiya lau, ta cika ta batse. Ta tambayi kasuwa, ya ce sai wanda ya gani. Da ya ga tana jin daɗi sai ya ƙara, ya ce har babbar tsamiyar nan ta ƙofar gidansu da take faɗa tana nan tana ’ya’ya.

Tani ta ce, “Ban ce tsamiya ba. Kuka ta.”

Ya ce, “To, kukar.”

Ta dube shi, sannan ta ce, “Ɗana, ka taɓa zuwa Rabah kuwa?”

Jelani ya sunkuyar da kai. Ya ga Lome, ya ga Ankara da Abijan, amma Rabah da jakunanmu suka san hanyarta bai taɓa taka ta ba. Tani ta yi dariya har ta share hawaye, ta ce to yanzu ya samu dalilin zuwa.

Da zai tashi ta ba shi saƙo da baki zuwa ga ƙanenta Mainasara, masunci. A gaya masa tana da rai. A gaya masa sunayen ’ya’yanta da jikokinta, da cewa ɗanta na fari sunansa ta sa masa. A kuma gaya masa babu abin da take marmari kamar bandar kifin gulbinsu. Ta sa Jelani ya maimaita har ya zauna masa. Ya ce, “Inna, daga nan sai Rabah.”

Kuma da gaske yake. Ya je tasha yana neman motar gabas, wadda za ta kai shi Wagadugu ya kama hanyar gida. Sai wani direba ya ce yana son wanda zai zauna bisa kaya, ba ko sisi. Jelani bai taɓa iya ƙin tafiyar da ba a biya ba. Sai da ya hau ya gyara zama ya tambayi ina za su, aka ce Bamako. Bamako kuwa yamma take.

A Bamako ya ji ana zancen jirgin ƙasa da ke zuwa Dakar, ya ce tunda ya zo nan ai saura kaɗan. Ya yi aski har ya samu na tikitin zama a ƙasa tsakanin buhuna da kaji. Amma tafiyar ba ta yi masa daɗi kamar da ba. Kullum bayan sallar asuba sai ya karanto saƙon Tani, suna bayan suna, don kada ya zube. Wani limami a Dakar ya ji shi, ya tambaye shi wane wuridi ne wannan. A Dakar ɗin ya tsaya bakin teku aka ce masa nan ƙasa ta ƙare, ba sauran mota. Ya ce sai ya ji kamar an sauke masa kaya, don ba sauran inda zai kauce.

Matsalar dawowa ita ce hanya ta Bobo ta bi. Ya yi niyyar ya sauya mota bai fita tasha ba, ya ja rawani ya rufe fuska. Bai gama zama ba aka dafa kafaɗarsa. Ɗan Tani ne na fari, yana aikin lodi a tashar. Ya riƙe masa jaka har gida.

Tani na dama koko. Ta ce, “Maraba. Ka kai saƙon?”

Ya ce, “Ina bisa hanya, Inna.”

“Ta ina hanyar Rabah ta koma?”

Ya gaya mata. Ta ce ba ta san Rabah ta matsa bakin teku ba. Ta zuba masa koko, ta ce tunda ya dawo sai ya ƙara suna ɗaya, an yi mata jika bayan tafiyarsa, Khadija. Wannan karon ɗanta ne ya raka shi tasha, ya sa shi a motar gabas, ya tsaya har ta tashi.

Bai biya Lahodu ba, Rabah ya fara zuwa. Ya yi tambaya aka kai shi wani gida mai kuka a ƙofa, ya ce ya tsaya ya dube ta sosai don ya san abin da zai faɗa nan gaba. Ya tarar da Mainasara, tsoho, yana ɗinkin komar kamun kifi a inuwa. Ya yi sallama, ya durƙusa, ya ce, “Baba, na zo da saƙo daga yayarka Tani.”

Tsohon bai ɗago ba. Ya ce, “Tani ta rasu da daɗewa. Muna yi mata addu’a.”

Jelani ya ce, “Addu’ar ta karɓu, Baba, don na baro ta tana sayar da koko.”

Sannan ya karanto saƙon kamar yadda ya saba. Da ya kai inda ta sa wa ɗanta sunansa, tsohon ya ajiye komar. Ya ɗago ya dubi Jelani. Daga nan ya kira mutanen gidan, mata da yara, ya sa Jelani ya sake faɗa daga farko. Maƙwabta suka shigo, aka sake. Jelani ya ce a ranar ya gane amfanin maimaitawar da ya yi ta yi.

Da aka natsa Mainasara ya ce, “Yaushe ta ba ka saƙon?”

“An yi damina biyu, Baba.”

Tsohon ya girgiza kai ya ce, “Allah Sarki. Ashe Bobo da nisa haka.” Jelani bai gyara masa ba.

Da ya shigo Lahodu ni na fara gane shi, ta tafiyarsa. Ya yi furfura, ya rame, amma jakar tana nan. Uwaliya ta fito ta dube shi sama da ƙasa, ta ce albasar dai ta isa lafiya ko, sannan ta juya ta shiga ɗaki don kada a ga idonta. Gari ya taru ana jiran a buɗe jakar mutumin da ya zaga ƙasashe. Aka buɗe, aka ga buta, da riga, da aska, da ƙwaryar wani abin teku da ya ce ya tsinto wa Uwaliya. Ta karɓa, ta ajiye a cikin jerenta, tana nan har yau.

Ya tarar da abubuwa sun sauya. Samari sun koma fadamar Wurno da rani suna shinkafa da albasa, injin ban ruwa na kuka ko’ina, babura sun fi jakuna yawa a hanyar kasuwa. Shi ne bai sauya ba. An gyara masa ɗaki, ya ce zaure ya fi iska. Uwaliya ta kama shi yana wanke riga kowace yamma alhali ta ɗinka masa sababbi. Ran nan ta kawo masa tuwo, kafin ya san abin da yake yi ya ce mata ya yi tsada da wani harshe.

Ba a daɗe ba ɗan Mainasara ya zo da ƙunshin bandar kifi da turmin zane, wai Baba ya ce a kai wa Tani, ba wanda ya san hanya sai Jelani. Uwaliya ta ce ba za ta hana ba, amma ta je kasuwar Goronyo da kanta ta samu direba ta ce kada ya sauke shi ko’ina sai inda za a sa shi a motar Bobo. Jelani ya tafi da kifin a cinya. Ya ce yunwa ta kama shi a hanya, kyanwowin kowace tasha suna biye da shi, amma ko ƙaya bai ɓalla ba. Na yarda da shi, don duk ƙwauronsa ba a taɓa ba shi amana ya ci ba. Tani ta yi miya, ta ci, ta yi kuka, sannan ta ce ɗanɗanon ya ɗan ragu, laifin madatsar nan ne. Ya ce mata madatsar ba a gulbinsu take ba. Ta ce duk da haka.

Bayan wannan ya yi ’yan shekaru yana kai da kawowa tsakanin gidajen biyu, har wata shekara ya zo da ɗan Tani ya ga dangin uwarsa. Gwiwa ce ta tsayar da shi. Ya auri Ruƙayyatu, wata bazawara mai sayar da fura a Goronyo, wadda ta ce ta yarda ne don ta ji ba ya ɓata sabulu. Yana aski a bakin kasuwa ranar da take ci. Samari masu shirin fita waje sukan zauna gabansa su nemi shawara, ya yi ta kwatanta musu masallatai masu baranda da masu tuwon da suka daɗe da rasuwa. Suna saurare da ladabi, sannan su duba wayarsu.

Bara idona ya yi yana, aka ce sai an kankare a Sakkwato. Jelani ya ce shi zai raka ni, don ban san tafiya ba. Bayan an yi aikin, ido ɗaya a naɗe, ya riƙe hannuna muka shiga babbar tasha neman motar gida. Muna tafe sai na ji ya tsaya. Wani ɗan kamasho ne ke kiran fasinjan da za su bi ta gabas har Kamaru, ƙasar da Jelani bai taɓa zuwa ba. Ya tambayi kuɗin mota, aka gaya masa, ya ce haba. Suka kama ciniki, ni ina tsaye rana na dukana. Ya yi kamar zai tafi, aka kira shi. Ya nuna furfurarsa, ya tambayi lafiyar tayoyi, har ɗan kamasho ya gaji ya ce ya kawo abin da ya taya.

Jelani ya ce, “Madalla. Amma ba yau ba.”

Ɗan kamasho ya bi mu da kallo. Na ce, “Kai kuwa mi ya sa ka wahalar da bawan Allah?”

Ya ce, “In ji ko har yanzu na iya.”

Ya ja hannuna, ya ce in ɗaga ƙafa akwai kwata a gabana, muka nufi motar Wurno.